Takalmina a Ƙafar Baba

A shekarar da aka ba mu jihar Kebbi mahaifina ya rasa ƙafarsa ta hagu. Kowa a Aliero murnar jiha yake yi, har waɗanda ba su san inda Birnin Kebbi ta fuskanta ba, mu kuwa muna gida muna wankin miki. Motar albasa ce ta ja da baya a bakin hanyar Jega, yana tsaye yana duba yadda ake ɗaure masa buhuna, ta bi ta kan ƙafar. Aka ɗauko shi aka kai wa mai ɗori, domin mutumin Aliero ba ya kai karaya asibiti, mu ake kawo wa daga garuruwa. Tsohon ya kwance ƙyallen ya duba, ya mayar ya rufe, ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, nan kuwa babu ƙashin da ya rage. A asibiti aka yanke ta, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Baba manomin albasa ne, yana da fadama wajen Danwarai, amma a unguwarmu da gyaran sahu aka fi saninsa. Fiye da shekara talatin yana tsayawa a sahun farko na masallacinmu, bayan liman. Babu wanda ya naɗa shi komai. Kawai dai in an tayar da iƙama, kafin liman ya ɗaga hannu, Baba zai fito daga wurinsa ya bi sahun daga wannan bango zuwa wancan, idonsa a ƙafafun mutane. A masallacinmu ƙaramin yatsanka sai ya taɓa na wanda ke kusa da kai. Duk wanda ya bar giɓi, kalma ɗaya zai ji: matso. Attajiri ya ji ta, mahauci ya ji ta, baƙo ma da ya tsaya sallar wucewa ya ji ta. Haka kuma takalmi. In ka ajiye naka har ya taɓa bakin tabarma, za ka fito ka same shi can gindin dogon yaro, kuma ba ka buƙatar tambayar wanda ya jefa.

Da miki ya warke kafinta ya yi masa sanduna biyu. Hanyar gidanmu zuwa masallaci rairayi ce, sandunan sai su riƙa nutsewa, kafin ya isa an riga an cika. Sai ya zauna a bakin ƙofa, jikin bango, kusa da tarin takalman da ya saba jefarwa, ya yi sallarsa a zaune. Wurinsa kuwa bai kwana uku babu kowa ba. Wani dillalin albasa, mutum mai ƙiba da yawan turare, wanda ya je Makka sau biyu kuma ba ya bari a manta, shi ya gaje shi. Har matso ɗin ya ɗauka yana faɗa, sai dai shi daga inda yake tsaye yake faɗa, don fitowa daga sahu wahala ce.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama hira da ni, in yana da magana sai ya faɗa wa Inna ta faɗa mini. Ita ce ta tare ni wani zuwa da na yi, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Babanku ba ƙahwa shika kuka ba," in ji ta. "Tsayuwa shika so cikin sahu, ko sau guda, kahin shi mutu."

A lokacin ni ƙaramin akawu ne, cikin waɗanda aka kwaso daga Sakkwato aka zube a Birnin Kebbi don sabuwar jiha ta samu masu riƙe mata fayil. Mu huɗu muke raba tebur ɗaya, kujera kuwa sai wanda ya riga zuwa. Amma ina da takalmi. Baƙi ne sau-ciki, mai igiya, mai dunduniya kamar faɗin yatsa biyu, in na taka siminti sai an juyo. Ina goge shi safe da yamma. In na zo Aliero da shi nake ratsa kasuwar albasa, ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, don a san ɗan wane ya zama ma'aikaci. Ina faɗin wannan ne don a san irin mutumin da Baba ya dogara da shi.

A ofis na ji labarin wata ƙungiya ta masu hannu da shuni da za ta raba wa naƙasassu kayan taimako a Jega, kekunan guragu da na'urar ji da ƙafafun roba. Sabuwar jiha ce, kowa yana neman abin da zai yi a ga hotonsa. Na yi zirga-zirga, na durƙusa wa wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, har sunan Baba ya shiga takarda. Aka ce a kawo shi Jega a yi masa awo, a kuma zo da takalmin da yake sawa.

Takalmin Baba fade ne, shimfiɗaɗɗe, na fatar shanu, an yi masa faci har ba a gane asalinsa, kuma laka ta fadama ta riga ta zama launinsa. Inna ta saka guda ɗaya a leda ta ba ni. Mai awon wani mutum ne da aka ɗauko daga wani asibitin ƙashi mai nisa, mai haƙuri, ya san aikinsa. Ya naɗe dungun da filasta, ya auna ƙafar dama, ya rubuta. Baba ya koma inuwa. Sai mai awon ya ce in kawo takalmin. Na dubi teburinsa, ga takardu farare, ga wasu mata biyu na ƙungiyar a zaune suna fifita da mujalla, na tuna abin da ke cikin ledar. Sai na tura ledar bayana, na sunkuya na kwance nawa na hagu na miƙa masa. Ƙafarmu da Baba kusan ɗaya ce.

Ya juya takalmin, ya dubi Baba can da tsohuwar rigarsa ta saƙi, ya dube ni.

"Wannan ne yake sawa kullum? Ka tabbata? Da tsayin dunduniyar nan zan daidaita ƙafar."

Na ce shi ne. Ya sake tambaya, na sake cewa shi ne, har da ɗan ɓata rai, wai ana raina mana wayewa. A raina ina ganin alheri na yi, uba zai samu ƙafa ya samu takalmin manya a rana ɗaya. Mutumin ya rubuta lamba a takarda ya cusa cikin takalmin. Na dawo gida da silifa da na saya a kasuwa, kuma wata uku ina zuwa ofis da ita, ina ce wa abokan aiki ƙurji ne ya fito mini a yatsa.

Ranar rabo aka kafa rumfuna biyu a wani fili a Jega. Rumfunan na baƙi ne. Waɗanda aka tara dominsu aka jera su a rana tun hantsi, guragu a gaba, kurame a baya inda ko mai kunne ba ya jin lasifika. Babban baƙo bai iso ba sai bayan Azahar. Da ya iso aka yi jawabai huɗu, uku da Turanci, ana ta ambaton ci gaba da zamani da na'urorin da a ƙasashen waje suke ɗaga tsoho su kwantar da shi ba da hannun mutum ba. Tsofaffinmu suna ta gyaɗa kai saboda ladabi. Aka jero kekuna an ɗaura musu ƙyalle ja, aka ba mutanen da garuruwansu ko jaki nutsewa yake a rairayi. Wata tsohuwa daga Kuberi aka saka mata na'urar ji, aka yi mata hoto, ana juyawa ta cire ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce abu mai kyau haka ba a barinsa a kunne ya lalace. Babu wanda ya tsaya ya yi mata bayani, an riga an wuce kan na gaba.

Aka zo kan Baba. Mai awon nan ya durƙusa ya saka masa safa, ya zura dungun a cikin ƙafar, ya ɗaure maɗauri bisa gwiwa. Takalmina yana jikinta, an goge shi fiye da yadda na taɓa gogewa. Na zo da ɗan'uwansa na dama, na saka masa. Baba ya dafa kafaɗar mutumin ya miƙe. Ya saki. Ya tsaya shi kaɗai, ya ɗaga ƙafa ya taka, ya sake takawa. Gaskiya ƙafar ta yi, ban taɓa musun wannan ba. Na ji hawaye ya zo mini, na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Sai mai hoto ya ce a maimaita, babban baƙo bai duba ba. Aka zaunar da shi aka sake tayar da shi. Sau uku mahaifina ya yi tsayuwarsa ta farko, a na ukun ne aka tafa.

Mako biyu yana koyo a tsakar gida, daga ɗaki zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure, da babbar riga da takalmin akawu. Maƙwabta suna leƙowa suna yaba zamani. Ranar wata Asabar da nake gida ya sa Inna ta gaya mini zai tafi La'asar da ƙafafunsa. Na bi shi a baya da sandunan, ko da za a buƙata. Ya ratsa rairayin nan da kansa, mutane suna tsayawa suna yi masa barka, ni ina karɓar rabona na kallo. Sai da muka isa ƙofar masallaci na ga tarin takalma, sannan na farga. Wata uku da rabi ina alfahari da dabarata, ban taɓa tuna cewa mutumin nan sau biyar yake cire takalmi a rana ba.

Ya zauna a dakali ya kwance igiyar dama ya cire. Ya kwance ta hagu, takalmin ya ƙi fita, na durƙusa na ja, ya fito tare da safar. Abin da ya fito fari ne sol kamar rogon da aka feƙe, santsi, babu rabuwar yatsu. A Jega da gida safa da takalmi sun rufe shi, babu wanda ya taɓa gani. Masu alwala suka tsaya da butoci a hannu. Baba bai kula ba, ya miƙe ya ɗora ƙafar dama kan tabarma, ya ɗora ta hagu. Dunduniyar robar ta nemi yatsa biyun nan da ta saba samu ba ta samu ba, ta sauka ƙasa, ƙafar duka ta karkata baya ta ja shi. Na ga hannuwansa suna neman abin kamawa. Ya faɗi da baya cikin takalman mutane, hularsa ta yi gefe.

Aka yi ta sannu. Dillalin nan ya fi kowa salati, daga sahun farko, ba tare da ya taso ba, kada wani ya zauna masa a wuri. Baba ya ƙi a ɗaga shi. Ya ja jiki zuwa inda ya saba, jikin bango, ya miƙe farar ƙafar a gabansa ya yi sallarsa a zaune. Ni na san dalilin faɗuwar tun kafin ya kai ƙasa, domin an faɗa mini shi da Hausa, sau biyu. Na ɗauko hularsa na kakkaɓe.

Kashegari kowa a unguwa ya zama masanin ƙafa. Wani ya ce an yi ta da tsawo, a kai wa kafinta ya rage. Wani ya ce a kai wa mai ɗori ya tofa mata. Wani mai shayi ya rantse cewa irin waɗannan ba a masana'anta ake yin su ba, ƙafar gawar Bature ce ake busarwa a shafa mata roba, in ba haka ba me ya kawo wannan launi. Wannan maganar ita ta fi tafiya, domin ta fi daɗin faɗi. Manyan mutane masu gemu suka zauna suna tattauna ko tana da tsarki, ko ana yi mata alwala, ko in ta taɓa mutum sai ya sake wanka. Babu ko ɗaya da ya ce a ajiye ta a ƙasa a duba.

Liman, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauƙi. Ya zo har zaure ya ce wa Baba lalura ce, ya keɓe takalmin ya zama na masallaci kawai, mai tsabta, ya shiga da shi, babu laifi a shari'a. Ina bakin ƙofa na ji amsar.

"Malam, shekara talatin ina jehwa takalman mutane waje. Yau ni ka shiga da nau? In an gan ni ciki da shi, gobe wa ka iya hana wani?"

Liman ya yi ta lallashi, Baba ya yi ta godiya, kowa ya san an gama magana. Da yamma ya kwance ƙafar ya sa aka jingine ta ƙarƙashin rudun da muke shanya albasa, da takalmin a jikinta, ya koma kan sandunansa.

Na koma Birnin Kebbi na nemi ƙungiyar. Allon sunansu yana nan, ƙofar a kulle. Zuwa na uku na samu sakatarensu yana cin gyaɗa. Ya ce mai awon ya koma inda ya fito, ƙafar kuwa ƙwararru suka ƙera ta, ba za ta yi kuskure ba, matsalar mutanenmu ce rashin wayewa, in je in wayar wa tsohon da kai ya riƙa barin takalminsa. Ya nuna mini hoton Baba a bango, yana tsaye, babban baƙo yana tafi. Na so in zage shi. Abin da ya hana ni, duk maganar da ya yi ita ce wadda na yi wa kaina a gaban teburin awo, shi dai ya faɗe ta da baki cike da gyaɗa.

Damina ta wuce, aka yi dashen albasa, ƙafar tana nan ƙarƙashin rudu, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin takalmin da ginshiƙi. Inna ce ta gaji. Ta ɗauko ta ta kakkaɓe, ta naɗe a buhu, ta ce in kai wa yayanta a Maiyama. Kawun nan nawa baduku ne, yana da rumfa a bakin kasuwa, asalinsa mutumin Karaye. Na yi dariya a raina. Abin da ƙwararru suka yi, sakatare ya kasa, sai mai ɗinkin jakar laya? Na dai ɗauka na shiga mota don kada a ce na ƙi.

Na same shi yana jan fata. Muka gaisa, ya tambayi Inna da jikin Baba, na ba shi labari na kuma ƙara da bayanin zamani yadda na ji a jawabai. Ya share ƙasa da hannu ya tsayar da ƙafar da takalminta, ta tsaya cak. Ya cire takalmin ya sake tsayar da ita, ta karkata baya ta faɗi. Ya ɗauki guntun fata ya ninka ya tura ƙarƙashin dunduniyar, ya ƙara wani, ta tsaya cak. Duk wannan bai kai lokacin shan kofin fura ba. Sannan ya ɗauki takalmin ya leƙa cikinsa.

"Wanga takalmi na wa na?"

"Na Baba na, Kawu."

Ya nuna sama da basillarsa. Bisa kaina akwai guntayen fata da aka yanka da siffar tafin ƙafa, a rataye a igiya.

"Shekara arba'in ni ka yi mai hwade. Ga awon ƙahwatai nan bisa kanka. Bai taɓa sanya ta cikin irin wanga ba."

Sai ya dubi ƙafafuna, inda silifa take. A nan na faɗa masa duka, da ledar da na ɓoye da tambayar da aka yi mini sau biyu. Na jira zagi, na ma so ya zage ni. Bai yi ba. Ya ce in dawo bayan kwana uku, in kuma tafi da takalmina, shi ba shi da abin yi da shi.

Abin da ya yi huffi ne, safar fata irin wadda tsofaffin malamai suke sawa lokacin sanyi su shiga masallaci da ita, babu mai cewa uffan. Ya jera fatar shanu hawa-hawa ya manne ya feƙe ta yi tudu, ya ɗinke ta a ciki wajen dunduniya, daidai yatsa biyun nan. Ya rina fatar baƙa-baƙa kusa da launin mutum, ya kai ta har idon sawu don farin ya ɓuya. Ya haɗa da sabon fade mai faɗi da huffin zai shiga in za a fita waje. Na kawo gida. Inna ta kai wa Baba, ta ce aikin yayanta ne. Ko ta gaya masa sauran, ban sani ba har yau. Takalmana biyu suka dawo hannuna, kuma ranar Litinin na saka su na tafi ofis, domin ba ni da wasu.

Baba ya yi kwana goma yana gwadawa a ɗaki kan tabarma. Tsayuwa ta yi, ruku'u ya yi, sujada ce ta ba shi wuya don idon sawun roba ba ya lanƙwasa, sai da ya koyi yadda zai zame ta gefe kaɗan ya dafa ƙasa. Da ya gamsu ya zaɓi Azahar ta ranar da nake gida, ya fita tun kafin kiran salla. A ƙofa ya zame faden ya ajiye nesa da tabarma, ya taka ciki. Bai karkata ba. Ya wuce kai tsaye zuwa bayan wurin liman ya zauna.

Dillalin ya iso ya tarar da mai wuri a wurinsa. Ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce ai dama ajiya yake yi masa, alhamdu lillahi mai abu ya dawo, ya zauna a hagunsa yana baza turare. Ni na samu sahu na biyu, daidai bayansu. Aka tayar da iƙama, aka miƙe, Baba ya miƙe tare da kowa. Na zaci zai fito ya bi sahu kamar da. Bai fito ba. Ya tsaya a inda yake, ya kafa idonsa a gaba, babbar rigarsa ta sauko ta rufe masa ƙafafu. Mutumin da ya shekara talatin yana duban ƙafafun jama'a, ran nan bai dubi ƙasa ba.

Ni na duba, domin daga baya ana ganin dugadugai. Na damansa, wani mahauci ne, ya matso ya manna yatsansa da na Baba. Dillalin ya kawo ƙafarsa, ya kai kusa da huffin, sai ya janye ta. Ya bar giɓi kamar faɗin yatsa huɗu, ya kuma tattare gefen rigarsa kada ta taɓa. Fatar Kawu ta rufe farin, amma maganar mai shayi tana nan a kansa. Liman ya yi kabbara. Raka'a huɗu mahaifina ya yi a tsaye a sahun farko, ni kuwa ban san abin da na karanta ba, idona yana kan giɓin nan. Na yi farin ciki, na kuma ji kamar in kama wuyan mutumin.

A hanyar gida ina bayansa kamar kullum. Wajen dogon yaro ya tsaya, bai juyo ba. Tun da aka haife ni bai taɓa tambayata wani abu kai tsaye ba sai ran nan.

"Kai. Na hagu ya haɗa?"

"Ya haɗa, Baba."

"To madalla. Ban jiya ba, shi as sa nit tambaya."

Ya ci gaba da tafiya. Wannan ita ce ƙaryata ta biyu a kan ƙafar nan, kuma ita ban yi nadamarta ba.

Shekara biyu ya ƙara yana salla a wurin. Bai sake bin sahu ba, bai sake ce wa kowa matso ba. Duk zuwan da na yi gida nakan tsaya a bayansu in duba, giɓin yana nan, yatsa huɗu, bai ƙaru ba bai ragu ba. Duk sahu na biyu sun gani. Liman ma ina jin ya sani. Babu wanda ya yi magana, kowa yana kunyar kowa, dillalin kuma yana ta faɗa a kasuwa cewa shi ya bar wa tsoho wuri saboda Allah.

Baba ya rasu lokacin cire albasa, bayan gajeriyar jinya. Aka fito da shi ƙofar gida da hantsi, aka jera sahu, na zame takalmina na tsaya a na farko. Sai na ji turaren nan. Dillalin ya kutso ya tsaya a gefena yana share ido, yana cewa an yi rashin mai gyara sahu, ba za a sake samun irinsa ba. Ya kawo ƙafarsa mai ɗumi ya manna yatsansa da nawa, har yana dannawa. Na janye tawa, yatsa huɗu, na auna da ido. Liman ya ɗaga hannu. Babu wanda ya fito ya ce in matso.